Abin Da Ke Sa Kwamfuta Nawar Tashi Da Yadda Ake Maganinsa

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai nawar tashi ya san zafin wannan daɗewar. Mutum ya danna maɓalli, ya tashi ya ɗebo ruwa ya sha, ya gaisa da maƙwabci, ya dawo ya tarar har yanzu ɗigo-ɗigon nan suna ta zagaya a allo. In ta ga dama ta nemi kalmar sirri, ya rubuta, sa'an nan wani sabon jiran ya fara.

A gidanmu akwai wata tsohuwar kwamfuta ta tebur. A cikinta Babanmu yake ajiye lissafin shagonsa, mu kuma a kanta muke gwada amsa tambayoyin jarrabawa, tun da yake daga shekarar 2015 hukumar JAMB da kwamfuta take yi wa kowa jarrabawar shiga jami'a. A hutun da ya wuce abin ya kai sai ta yi minti tara kafin a iya buɗe kome a cikinta. Wani mai gyara ya duba ta sama-sama, ya ce ko dai a share kome a sake ɗora mata manhaja, ko kuwa a sayi sabuwa. Ga shi lissafin shekara shida yana ciki, ga hotunan bikin yayata, kuɗin sabuwa kuwa babu su. Da na kai kuka wurin malaminmu na kwamfuta, sai ya ce kada a share kome tukuna, a fara gano inda ciwon yake. Abin da na koya daga wannan bincike shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Zan yi magana a kan Windows, domin ita ce babbar manhajar da ta fi yawa a gidajenmu da makarantunmu. Sunayen da ke fitowa a allo kuwa zan kawo su yadda suke, don mai karatu ya gane su in ya gan su.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

Tashin kwamfuta mataki huɗu ne, kowane yana jiran na gabansa. Da farko wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon na'urar ita ke farkawa. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a sababbi kuwa UEFI. Aikinta ta duba ko kayan ciki suna nan lafiya, kamar yadda direba kan duba mai da ruwa da taya kafin ya ɗau hanya, sa'an nan ta nemo faifan da Windows take ciki. A wannan lokaci ne ake ganin tambarin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Mataki na biyu, sai a ɗauko Windows daga faifan ajiya a zuba ta cikin ram. A nan ya kamata mu bambanta waɗannan abubuwa biyu. Faifan ajiya kamar rumbu ne, yana cin kaya da yawa, kuma abin da aka zuba yana nan ko da an ɗauke wuta. Ram kuwa kamar tabarmar da ake baza hatsi ce a tsakar gida, a kanta ake aiki, amma da zarar an kashe na'urar sai a kwashe kome. Saboda haka kullum aka kunna sai an sake ɗebowa daga rumbu. A wannan mataki ne ɗigo-ɗigon ke zagaya.

Mataki na uku shi ne shiga, watau lokacin da mutum ya rubuta kalmar sirri, Windows ta nemo kayansa na kansa, kamar hoton bango da fayilolinsa da tsarin da ya saba da shi. Na huɗu kuma, bayan allo ya buɗe, sai ƙananan manhajoji da aka ba izinin tashi tare da kwamfutar su fara tashi. A nan ne mutum kan ga kamar an gama, amma in ya danna abu sai ya ƙi buɗewa.

A auna kafin a taɓa

Maƙera sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Abu na farko shi ne a ɗauki agogo da takarda. A kunna kwamfutar, a rubuta sakan nawa ta yi a kan tambarin kamfani, nawa a kan ɗigo-ɗigo, nawa daga rubuta kalmar sirri zuwa buɗewar allo, nawa kuma daga nan zuwa lokacin da za ta amsa umurni. A yi haka sau uku. Matakin da ya fi cin lokaci, a can ɓarawon yake. Kuma duk gyaran da aka yi a sake aunawa, sa'an nan a riƙa canja abu ɗaya ɗaya. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ko ta gyaru ba zai san wanne ne ya yi magani ba, in kuwa ta ƙara lalacewa ba zai san wanda zai mayar ba.

Windows ma tana da nata littafin da take rubuta irin wannan lissafi. A cikin Event Viewer akwai wani sashe mai suna Diagnostics-Performance. Duk bayanin da ke ɗauke da lamba 100 yana nuna tsawon lokacin da tashin ya ci, mai lamba 101 kuwa yana faɗin sunan manhajar da ta kawo jinkiri.

Kafin a fara kowane gyara, lalle ne a kwafe muhimman fayiloli zuwa filashi ko wani faifai na waje. Wannan ba abin wasa ba ne, domin wani lokaci nawar tashi alama ce ta faifai ya kusa mutuwa.

In jinkirin a kan tambarin kamfani yake

Wannan yana nuna Windows ba ta ma shigo cikin maganar ba tukuna. A cire duk abin da aka soka a jikin na'urar, kamar filashi da firinta da faifan waje, a bar allon rubutu da linzami kaɗai. Sau da yawa kwamfuta kan tsaya tana neman Windows a cikin filashin da aka manta a jikinta, ko ta hanyar wayar sadarwa, kafin ta waiwayi faifanta. Ana gyara wannan a cikin tsarin BIOS, inda ake sa faifan da Windows take ciki ya zama na farko a jeri.

Har ila yau a lura da agogon kwamfutar. In kullum aka kunna ta sai a tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, to ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, ya ƙare. Shi ne yake riƙe agogo da tsarin BIOS lokacin da babu wuta. Ba shi da tsada, kuma a kwamfutar tebur canja shi ba ya cin minti biyar.

In jinkirin a kan ɗigo-ɗigo yake

Da farko a san wani sirri. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai wani tsari mai suna Fast Startup. In yana kunne, danna Shut down ba ya kashe kome da kome. Windows takan naɗe zuciyarta yadda take, ta ajiye a faifai, gobe ta warware ta ci gaba. Wannan yana sa saurin tashi, amma in akwai wata matsala a ciki sai a naɗe har da ita, a yi ta yawo da ita mako da makonni. Restart shi ne yake wanke kome a fara daga tushe. Saboda haka gwaji na farko shi ne a danna Restart a gani. In an lura kwamfutar tana tashi lafiya bayan Restart amma tana wahala bayan Shut down, sai a kashe Fast Startup a sashen Power Options.

Na biyu, wataƙila Windows tana ɗora sababbin gyare-gyaren da ta sauko da su daga intanet. In allo ya nuna kada a kashe, to a yi haƙuri a bar ta ta gama. A nan ne ɗauke wuta ke yi mana ɓarna, domin in wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu a faifai, fayilolin Windows kan lalace. Maganinsa akwatin batir ɗin nan da ake kira UPS, wanda ke riƙe wuta na 'yan mintoci har a kashe na'ura cikin tsanaki. In kuwa an riga an yi ɓarnar, a buɗe Command Prompt da izinin mai gida, watau Run as administrator, a rubuta sfc /scannow. Wannan umurni yana duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. Ɗan'uwansa chkdsk kuma faifan kansa yake dubawa.

Na uku, shi faifan. Faifai iri biyu ne. Tsohon iri, wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956, yana da faranti a ciki mai juyawa, yawanci sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai kai da kawowa tana neman abin da aka ajiye, kamar garmaho. Tashin Windows kuwa yana bukatar dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse ko'ina, don haka allurar takan sha zirga-zirga. Sabon iri, wanda ake kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma wajen nemo ƙananan fayiloli ya ninka tsohon sau da yawa ƙwarai. In an ji faifai yana ƙas-ƙas ko yana ƙara irin wadda bai saba ba, a kwashe kaya nan da nan. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo wadda ke karanta rahoton lafiyar da faifai yake ajiyewa game da kansa, ta nuna ko lafiya yake ko ya fara gazawa.

In jinkirin bayan kalmar sirri yake

A nan akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe wa wani sabon mutum asusu a kwamfutar, a fita, a shiga da sabon. In sabon ya buɗe nan da nan, to Windows lafiya take, matsalar tana cikin kayan tsohon asusun ne. Sai a rage lodin da ke cikinsa, in kuma ya lalace ne a kwashe fayiloli zuwa sabon a ci gaba da aiki a can.

Gwaji na biyu, a cire wayar sadarwa ko a kashe intanet, a sake shiga. In an sami sauri, to kwamfutar tana tsayawa ne tana jiran amsa daga wani wuri, ko wata jakar fayiloli da ke kan wata na'ura, ko firintar da aka daɗe da ɗaukewa. Wannan ya fi faruwa a ɗakin kwamfuta na makaranta da ofisoshi, inda na'urori da yawa suke karɓar umurni daga uwar garke guda. In ɗalibai arba'in suka shiga a lokaci ɗaya, kowa yana jan kayansa daga wuri guda, dole a yi layi. Wannan kam ba aikin ɗalibi ba ne, sai a sanar da malamin da ke kula da ɗakin.

In allo ya buɗe amma ta ƙi amsawa

Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa, kuma shi ya fi sauƙin magani. Yawancin manhajojin da muke ɗorawa sukan rubuta sunansu cikin jerin masu tashi tare da kwamfuta, ba tare da mun lura ba. Kowace ita kaɗai ba ta da nauyi, amma in sun taru sai su zama kamar 'yan makaranta da aka kaɗa wa ƙararrawar tashi, ga ƙofa ɗaya, kowa yana so ya riga fita.

A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shiga sashen Startup. Za a ga sunayensu a jere, gaban kowace an rubuta nauyinta, High ko Medium ko Low. Wadda aka rubuta wa High, ta ci fiye da sakan ɗaya na aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan, ko ta ja fiye da megabait 3 daga faifai lokacin tashi. A zaɓi waɗanda ba a bukata da sassafe, kamar na kiɗa da na hira da na wasanni, a danna Disable. Wannan ba ya goge manhajar, yana hana ta tashi ne kawai sai an kira ta. Amma a bar mai tsaron ƙwayoyin cuta, kuma abin da ba a san aikinsa ba a tambaya tukuna.

A cikin Task Manager ɗin dai, a leƙa sashen Performance. In faifai ya tsaya a kan kashi 100 na tsawon mintoci, shi ne ya gaji. In ram ne ya cika, to tabarmar ce ta yi kaɗan, Windows tana ta mayar da kaya rumbu tana sake ɗebowa. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4 na ram, amma mai son aiki cikin walwala gara ya nemi 8. Kuma kada a bar faifai ya cika maƙil, domin Windows tana bukatar fili na juyawa.

Sai maganar ƙwayoyin cuta, waɗanda suka fi shigowa ta filashin da ya zaga shagunan buga takardu da kuma manhajojin sata. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai tsaronsu, Microsoft Defender. A sa shi ya bincike kwamfutar gaba ɗaya. Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne ɗora masu tsaro biyu ko uku, suna zaton tsaro ya ƙaru. Abin da ke faruwa shi ne kowane fayil sai kowannensu ya tare shi ya bincika, har su riƙa binciken juna. Ɗaya ya isa.

In duk wannan bai yi ba

Akwai dabara biyu da suka rage. Ta farko, a riƙe Shift a danna Restart, a bi ta Troubleshoot zuwa Startup Settings, a zaɓi Safe Mode. A nan Windows takan tashi da kayanta na dole kaɗai. In ta yi sauri a haka, laifin na wani abu ne da aka ɗora mata daga baya. Ta biyu ita ce gano mai laifin. A buɗe msconfig, a shiga Services, a fara danna Hide all Microsoft services don kada a taɓa na Windows, sa'an nan a kashe sauran. In sauri ya dawo, sai a kunna rabinsu a gwada. In nawa ta dawo, mai laifin yana cikin wannan rabin, sai a sake raba shi biyu. Da haka ko sun kai talatin, gwaji biyar ya isa a kama shi. In an gama a mayar da sauran yadda suke.

Kada kuma a manta da ƙura. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da kafofin iska, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi, ita kuwa in ta yi zafi rage gudu take yi don kada ta ƙone. A cire wuta, a buɗe akwatin, a hure ƙurar, a kuma ɗaga na'urar daga ƙasa a ba ta wurin shan iska.

Abin da za a guje wa

A guji manhajojin da ke tallan kansu a intanet suna cewa da dannawa ɗaya za su mayar da tsohuwa sabuwa. Da yawansu su ma shiga jerin masu tashi suke yi, su ƙara nauyi. A guji goge fayilolin da ke cikin jakar Windows don neman fili. A guji zare waya daga bango don an gaji da jira. Share kome a sake ɗorawa kuwa magani ne na gaske, amma shi ne na ƙarshe, kuma sai bayan an kwafe kaya. Iyayenmu su kuma sani cewa Microsoft ta daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro a watan Janairu na 2020, ta kuma rufe tallafin da ta saba ba Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Don haka in za a sayi ta hannu, a tambaya ko tana ɗaukar Windows 11.

Tamu kwamfutar fa? Da na auna, sai na ga minti shida daga cikin taran bayan buɗewar allo suke tafiya. Manhajoji goma sha huɗu ne suke tashi tare da ita, ga masu tsaro biyu suna kokawa. Na kashe goma, na cire mai tsaro ɗaya, muka hure ƙura, ta dawo ƙasa da minti uku ba a kashe ko kwabo ba. Daga baya Babanmu ya sayi ƙaramin SSD, aka kwafe kome a kansa, yanzu kafin ya gyara zama a kujera ta buɗe. Lissafinsa na shekara shida yana nan, hotunan biki ma suna nan.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in irin wannan ta taso a gida, a ɗauki agogo da takarda kafin a ɗauki na'ura zuwa kasuwa. Ko da a ƙarshe sai an je wurin mai gyara, wanda ya iya cewa ga matakin da take tsayawa, ga abin da ya gwada, ba za a sayar masa da abin da ba ya bukata ba. Iyayenmu kuma su ba mu dama mu gwada abin da aka koya mana, muddin mun fara kwafe musu kayansu a wuri mai aminci.